Ƙetare teku da mota daga Sifaniya zuwa Maroko: ana neman shawara kan tafiyar Hajiya zuwa Fas

Baban Hadiza (Garwa):
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanya. Ƙanena da ke zaune a Liyon ta ƙasar Faransa ya gayyaci mahaifiyarmu ta je ta ga jikokinta, kuma ni ne zan raka ta. Da Hajiya ta ji cewa Maroko ba ta da nisa ƙwarai daga can, sai ta ce ba za ta dawo Garwa ba sai ta ziyarci kabarin Shehu Ahmadu Tijjani a Fas. Shawarar ƙanena ita ce mu tafi a motarsa har kudancin Sifaniya, a shigar da motar cikin jirgin ruwa, mu ƙetare tare da ita, saboda kuɗin jirgin sama na mutum shida ya fi ƙarfinmu. Ina so in san tashar da ta fi dacewa, da takardun da ake nema, da kuma ko tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ko kwale-kwalen Binuwai ba ta yarda ta shiga, za ta iya jure wannan ƙetarawa.

Kawu (Njamena):
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan niyya. Amma ni a ganina, tunda akwai jirgin sama daga Faransa zuwa Fas kai tsaye, a rage yawan masu tafiya, kai da ƙanenka ku kai ta ku dawo. Mu da muka ga zamanin da ake ƙetare kogin Shari da bak, wato jirgin ƙetarar da motoci, tsakanin Kusuri da Njamena, kafin a gina gadar Ngeli a shekarun 1980, mun san wahalar mota a kan ruwa. Wancan kogi ne wanda kana hango gaɓar ƙetare da mutanen da ke tsaye a kanta, to ina ga teku?

Ɗalibi a Tanja:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Ina roƙon a ba ni izini in yi bayani, domin a gabana waɗannan jirage suke kai da kawowa. Mashigin Jibralta, wato tekun da ya raba Sifaniya da Maroko, inda ya fi ƙunci, faɗinsa kusan kilomita 14 ne kawai, kuma ranar da gari ya yi garau mutum yana tsaye a Tanja yana hango duwatsun Sifaniya. Jiragen kuma ba irin bak ɗin Shari ko na Logon ba ne, wanda faffaɗan ƙarfe ne buɗaɗɗe mai ɗaukar motoci kaɗan. Waɗannan manyan jirage ne masu benaye, motoci da tireloli suna shiga cikinsu ta wata babbar ƙofa da ake rufewa, fasinjoji kuma suna hawa sama inda akwai kujeru da ban ɗaki da wurin sayar da abinci.

Hanyoyin da ake bi da mota guda uku ne sanannu. Daga Aljesiras ta Sifaniya zuwa tashar Tanja Med ta Maroko tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce. Daga Tarifa, ita ma a Sifaniya, zuwa tashar cikin birnin Tanja kamar awa ɗaya ce, a jirgi mai gudu. Sai kuma daga Aljesiras zuwa Sabta, ita ma kamar awa ɗaya, amma Sabta gari ne da ke nahiyar Afirka a ƙarƙashin mulkin Sifaniya, saboda haka bayan an sauka sai an sake bin layin iyakar ƙasa kafin a shiga Maroko. Ga mai niyyar Fas, Yaya, ni Tanja Med zan zaɓa maka, domin tashar tana wajen gari, kusan kilomita 40 gabas da Tanja, kuma daga ƙofarta kai tsaye ake hawa babban titi ba tare da an shiga cunkoson birni ba.

Mai Tirela (Ngaundere):
Ban yarda da ɗalibi a kan zaɓin tasha ba. Ina da maƙwabci wanda ya yi shekaru yana tuƙi a ƙasashen can, kuma kullum Tarifa yake yabo. Tashar ƙarama ce, ba ta da dogayen layukan tirela, lokacin da ake yi a kan ruwa ya fi gajarta, kuma ga tsohuwa mai tsoron ruwa kowane minti da aka rage riba ne. A Tanja Med kuwa mota ƙarama tana raba jirgi da manyan motocin kaya, kuma duk wanda ya yi aikinmu ya san cewa loda tirela ba abu ne na gaggawa ba.

Ɗalibi a Tanja:
Gaskiya ne, Alhaji, tashar Tarifa ta fi sauƙin sha'ani idan yanayi yana da kyau. Matsalarta iska ce. Akwai wata iskar gabas mai ƙarfi da ke kaɗawa a mashigin, wadda Sifaniyawa ke kira Lebante, kuma Tarifa tana daidai bakinta. Idan ta taso akan dakatar da jiragen Tarifa, wani lokaci yini guda ko fiye, a tura mutane Aljesiras, wadda take cikin lungun teku mai kariya. Ban da haka, jirgi mai gudu ya fi girgiza idan raƙuman ruwa suka tashi, babban jirgi mai nauyi kuwa yana tafiya a natse. Saboda haka rabin awar da za a rage wa Hajiya a Tarifa tana iya zama rabin awar jiri da tashin zuciya. Idan tsoro ne abin dubawa, babban jirgi ya fi, domin idan ta zauna a tsakiyarsa nesa da taga, da wuya ta tuna cewa a kan ruwa take.

Maman Aliyu (Marwa):
Alhaji Baban Hadiza, kafin a yi nisa a zancen tasha, ina ganin akwai abin da ya riga shi, wato biza. Bizar da za a ba ku ta shiga Faransa ita ce ta ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma iri-iri ce: akwai ta shiga sau ɗaya, akwai ta shiga sau biyu, akwai ta shiga sau da yawa. Daga Faransa zuwa Sifaniya ba ku fita daga yankin ba, amma da zarar kun fita daga yankin ta Aljesiras, biza mai shiga ɗaya ta ƙare aiki ko da kwanakinta ba su cika ba. Ranar dawowa ƙanenka da iyalinsa za su wuce da takardunsu na zama, kai da Hajiya kuwa ba za a bar ku ku shiga jirgin ba. Don haka tun lokacin cike takardun neman biza ku bayyana cewa akwai ziyarar Maroko a tsakiyar tafiyar, ku nemi mai shiga fiye da sau ɗaya, kuma ranar da aka dawo muku da fasfo ku duba da idonku abin da aka rubuta. Sannan Maroko kanta tana neman biza daga mai fasfon Kamaru, wadda ya fi kyau ku nema a ofishin jakadancinta na Yawunde kafin ku tashi. Idan ba a samu mai shiga biyu ba, mafita ita ce a mai da ziyarar Fas ƙarshen tafiya, ku biyu ku hau jirgin sama daga Kasabalanka zuwa Duwala ko Yawunde, su kuma su koma da motarsu.

Baban Hadiza (Garwa):
Maman Aliyu, Allah ya saka da alheri. Ba mu kai takardun ba tukuna, saboda haka maganar ta zo a kan lokaci. Kawu, na ji shawararka, amma Hajiya ta nace sai jikokinta sun je tare da ita an yi musu addu'a a zawiyar. Abin da ya rage mini a zuciya shi ne batun hatsari, domin mun sha jin labarin jiragen fasinja da suka kife.

Kawu (Njamena):
Abin da nake nufi ke nan. Ba mu manta da jirgin Joola na Senegal ba, wanda ya kife a watan Satumba na 2002 a gaɓar Gambiya, mutum fiye da 1,800 suka rasu. Ba mu manta da jirgin Al-Salam ba, wanda ya nutse a Bahar Maliya a watan Fabrairu na 2006 tsakanin Duba ta Saudiyya da Safaga ta Masar, da mutum sama da 1,000. Iyayenmu da suka tafi Makka ta ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan har Sawakin, sun shiga jirgin ruwa zuwa Jidda ne domin ba su da wata hanya. Wanda yake da zaɓi, me zai kai shi?

Injiniya (Kusuri):
Kawu ya kawo misalai na gaskiya, kuma bai kamata a share su ba, sai dai a duba abin da ya jawo kowannensu. Joola ya ɗauki mutane ninkin-ba-ninkin abin da aka ƙera shi domin ɗauka, kuma ya shiga hadari a buɗaɗɗen teku cikin dare. A Al-Salam gobara ce ta tashi, ruwan da aka yi ta fesawa don kashe ta ya taru a benen motoci bai samu mafita ba, har jirgin ya karkata. Akwai na uku da ya fi kusa da zancenmu, domin a gajeriyar hanya ya faru: a ranar 6 ga Maris 1987 jirgin Herald of Free Enterprise ya bar tashar Zeburuj ta Beljiyam zai tafi Doba ta Ingila, ƙofar gabansa a buɗe, ruwa ya kwararo cikin benen motoci, ya kife jim kaɗan bayan fitarsa daga tasha, mutum 193 suka mutu.

Raunin irin wannan jirgi a benen motoci yake. Sauran jiragen ruwa ana raba cikinsu da bangaye ɗaki-ɗaki, ta yadda idan ruwa ya shiga ɗaya ba zai kai sauran ba. Benen motoci kuwa fili ne dogo daga goshi har baya, domin motoci su shiga su fita da sauƙi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar faffaɗan faranti da ruwa kaɗan a ciki ya san cewa da ya ɗan karkata, ruwan duka yake gudu gefe ɗaya ya ƙara rinjayar da shi. Haka ruwa yake yi a wannan bene, kuma ba sai ya yi zurfi ba. Bayan hatsarin 1987, da na jirgin Estonia a tekun Baltik a 1994 inda mutum 852 suka rasu, Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya da ke Landan ta tsaurara dokoki: fitilun da ke nuna wa matuƙi ko ƙofofi a rufe suke, na'urorin ɗaukar hoto a benen motoci, da ƙa'idojin yadda jirgi zai iya tsayuwa ko da ruwa ya shiga. Jiragen mashigin Jibralta a ƙarƙashin waɗannan dokoki suke aiki, ba a sayar da tikiti fiye da adadin da aka yarje wa jirgi, kuma hanyar tana cikin mafi yawan zirga-zirga a duniya, tasoshin ceto suna kusa ta gefe biyu. In da za a tambaye ni inda ya kamata Alhaji ya sa hankalinsa, zan ce a kan titi, domin daga Liyon zuwa Aljesiras ya haura kilomita 1,500, kuma direba ɗaya da ya ƙi kwana a hanya don kada jirgi ya tsere masa ya fi teku zama abin tsoro.

Kawu (Njamena):
Na ji bayaninka, Injiniya, kuma ya yi ma'ana. Amma doka a takarda daban, mutumin da aka ɗora wa rufe ƙofa daban. Ban janye ra'ayina ba, sai dai idan sun yanke shawarar tafiya, to su ƙetare da rana, kuma idan suka ga iska ta tashi su haƙura su kwana.

Mai Tirela (Ngaundere):
A kan wannan ina tare da Kawu. Bari in ƙara abin da ya shafi motar kanta, tunda fannina ne. Kuɗin tikiti yana bin tsawon mota da tsayinta, saboda haka idan za a ɗaura kaya a kan rufi, a auna tsayin tare da kayan a faɗi gaskiya lokacin sayen tikiti, in ba haka ba a bakin jirgi za a nemi ciko ko a mai da ku ƙarshen layi. A isa tasha da wuri, aƙalla awa ɗaya da rabi ko biyu kafin tashi. A cikin jirgi ma'aikata ne ke nuna wa direba inda zai tsaya, kuma suna matse motoci ƙwarai, har wani lokaci ƙofa ba ta buɗuwa sosai. A ja birkin hannu, a bar mota a giya, a kashe inji, a kashe ƙararrawar ɓarayi domin motsin jirgi yana tayar da ita. Ba a yarda da jarkokin fetur ba, tukunyar gas kuma a rufe ta a sanar da su. Abu mafi muhimmanci shi ne ba a barin kowa ya zauna cikin mota idan jirgi ya tashi, kuma ana rufe hanyar komawa benen har sai an isa. Magungunan Hajiya, da fasfo, da ruwan sha, da abin sallah, duk a haɗa su a jaka ɗaya tun kafin a shiga. A kuma riƙe lambar bene da ta matakalar da aka bi, domin a lokacin sauka benayen duk kama suke yi wa baƙo.

Maman Aliyu (Marwa):
Wannan batu na matse motoci shi ne zai fi shafar Hajiya. Matakalun da ke tashi daga benen motoci ƙunci gare su da tsayi, kuma jama'a suna hawa a lokaci ɗaya. Tun wajen sayen tikiti a rubuta cewa akwai fasinja mai wahalar tafiya, sannan a sake faɗa wa ma'aikacin da ke karɓar tikiti a ƙofar tasha, domin su tsayar da motar kusa da na'urar hawa bene, su bar sarari ta gefen ƙofarta. Ko da Hajiya tana iya takawa a gida, keken guragu mai naɗewa zai yi amfani a nan, kuma zai sake amfani a Fas, inda zawiyar take cikin tsohon gari mai lunguna da mota ba ta shiga. Kada ta shiga jirgi da yunwa, kada kuma ta cika ciki da abu mai maiƙo. Shayi da citta yana taimaka wa wasu, amma maganin jiri na kanti a tambayi likitanta tukuna saboda sauran magungunan da take sha.

Malam (Mokolo):
Tunda tafiyar ta ziyara ce, ya dace a taɓo sallah. Wanda ya taso daga Liyon matafiyi ne, yana yin ƙasaru tun a hanya. Abin lura shi ne a mazhabarmu ta Malikiyya rangwamen haɗa salloli biyu saboda tafiya ya keɓanta da tafiyar tudu, ba ta ruwa ba. Da yake ƙetarawar ba ta kai awa biyu ba, mafi sauƙi shi ne a zaɓi jirgin hantsi, a shiga bayan asuba ta wuce a sauka kafin azahar ta fita. Idan kuwa jinkiri ya sa lokaci ya kama ku a ciki, ana yin sallah a jirgi a tsaye ga mai iko, a zaune ga wanda jiri ko ciwo ya hana, ana fuskantar alƙibla, idan jirgi ya juya a juya tare da ita. Daga mashigin alƙibla tana gabas, jirgin Aljesiras kuma kudu yake nufa, saboda haka galibi tana hagun mai fuskantar goshin jirgi. A koya wa yara addu'ar Annabi Nuhu da ke cikin Suratu Hud, Bismillahi majreha wa mursaha, su karanta tare da kakarsu.

Ɗalibi a Tanja:
Allah ya gafarta Malam, da yawa daga jiragen wannan hanya suna da ɗakin sallah, domin yawancin fasinjojinsu Musulmi ne. Zan ƙara maganar lokaci, Yaya. Daga watan Yuni zuwa tsakiyar Satumba 'yan Maroko mazauna Turai suke komawa gida hutu, abin da ake kira shirin Marhaba, kuma a shekarun nan mutanen da ke ƙetarawa a wannan tsakani sun haura miliyan 3, da motoci dubu ɗari-ɗari. Ƙarshen Yuli da farkon Agusta cunkoson yana wajen zuwa Maroko, ƙarshen Agusta kuma yana wajen komawa. A waɗannan ranaku jira a filin tasha cikin rana yana iya cin awoyi, tikiti yana tsada, kuma akan nemi wanda ke ɗauke da rana da sa'a. Idan za ku iya, ku zo a Afrilu ko Mayu ko Oktoba. Lokacin da ke jikin tikiti na ƙasar da jirgi zai tashi ne. Agogon Maroko daidai yake da namu na Kamaru da Chadi, in ban da watan azumi da suke mai da shi baya da awa ɗaya, Sifaniya kuwa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba tana gaba da mu da awa ɗaya.

Game da shiga ƙasa, a jirage da yawa ɗan sandan Maroko yana zaune a cikin jirgin yana buga tambari, saboda haka da an hau sama a nemi teburinsa a shiga layi, kada a bari sai an kusa isa. Motar kuma jami'an duwan, wato kwastan, ne ke rubuta ta a tasha da sunan wanda ya shigo da ita, ana ba ta izinin zama na wata shida, kuma dole ta fita tare da shi. Za a nemi takardar mallakar mota, da koren katin inshora wanda ba a soke alamar Maroko a jikinsa ba. Idan an soke, akwai ofishin sayen inshora a tashar. Wajen dawowa ana wuce da motoci ta na'urar binciken ciki, don haka kada a karɓi saƙon kowa komai roƙonsa, kuma ba a shiga Tarayyar Turai da nama ko kayan madara.

Baban Hadiza (Garwa):
Na gode wa kowa, Allah ya bar zumunci. Na tura wa ƙanena duk bayanan, mun tsaya a kan Aljesiras zuwa Tanja Med da jirgin hantsi, a watan Oktoba lokacin hutun makarantar yara, kuma za mu kwana biyu a hanyar Sifaniya kamar yadda Injiniya ya ja hankali. Kawu, idan muka tarar da iska za mu jira. Sai dai ƙanena ya ce motar da sunan matarsa aka saye ta, kuma ita aikinta mai yiwuwa ba zai bar ta ta bi mu ba. Shin wannan zai hana?

Ɗalibi a Tanja:
Ba zai hana ba, Yaya, amma sai ta rubuta masa takardar wakilci mai nuna sunansa da lambar motar da izinin fita da ita zuwa Maroko, a tabbatar da sa hannunta a hukumance can Faransa, a haɗa da hoton katin shaidarta. Ya kuma kira kamfanin inshorar ya tabbatar cewa sunansa yana cikin direbobin da aka amince da su. Takardar mallakar motar ta ainihi za a riƙe, ba hotonta ba, domin ita jami'in duwan zai fara tambaya.